Kwatangwalon Jimrau da Gaisuwar Suruki

Jimrau taubashina ne, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini tun daga kakanni. Ɗan kasuwar hatsi ne a nan Dakoro, mutum mai jiki, mai son a ce ya iya. Son a ce ya iyan ne ya hau da shi kan lodin gero ranar wata kasuwa a Birnin Lalle, wai zai nuna wa 'yan dako yadda ake ɗaure igiya. Igiya dai ta ɗauru, shi kuma ya sauko ta inda ba a saukowa. Mai ɗori ya lalluba ya ce wannan ta fi ƙarfinsa. Aka kai shi asibitin Maradi, daga can aka wuce da shi Yamai, aka cire kan ƙashin kwatangwalon da ya farfashe, aka sa masa na ƙarfe.

Ya dawo gida da sanduna biyu da tulin dokoki. Matarsa Rahinatu, wadda ta yi jinyarsa, ta haddace su tsaf, kuma ba ta gajiya da biya masa. Ba zama a tabarma, ba tanƙwashe ƙafa, ba ɗora ƙafa kan ƙafa. In zai zauna, sai doguwar kujera, kada gwiwa ta haura ƙugu. In zai kwanta, matashi a tsakanin cinyoyi. Sallah a zaune. Ban ɗaki ma kafinta ya ƙera masa kujera mai rami a tsakiya, na sa mata suna karagar mulki, ya yi kwana da kwanaki ba ya amsa sallamata.

Manyan dokokin biyu ne. Kada ya kuskura ya tsuguna, don ƙarfen na iya gocewa a sake komawa Yamai. Sannan ya riƙa tafiya kullum, yau kaɗan, gobe a ƙara. Likita ya gaya masa gaba da gaba cewa in ya lafe a gado ƙafar za ta sandare, kuma shi da kasuwa sai dai labari.

To, a nan gizo ke saƙar. Gidan Jimrau yana ƙuryar wani lungu da ba ya ɓullewa, a bakin lungun kuma gidan surukinsa ne, Baba Kalla, mahaifin Rahinatu. Tsohon ya haura tamanin, ya bar wa jikoki noma, aikinsa ke nan zama kan buzu a gindin itacen bedi na ƙofar gidansa tun daga asuba. Tun ranar da Jimrau ya auri 'yarsa bai taɓa wuce wurin nan a tsaye ba. Yakan tuɓe takalmi daga nesa, ya zube ƙasa, ya yi gaisuwa har ya tambayi lafiyar kaji. Mutanen unguwa da shi suke yi wa samari misali, shi kuma yana jin daɗin hakan fiye da ribar gero.

Yanzu ga likita ya ce a fita a yi tafiya, kuma ya ce ba tsugunawa. Jimrau ya auna, ya ga ba hanyar fita sai ta gaban tsoho, sai ya ce shi a tsakar gida zai yi tasa tafiyar. Tsakar gidan kuwa tsakanin turmi, randa da turken awaki ko jaki ba zai juya ba. Ya zagaya kwana kaɗan kamar ragon da aka ɗaure, ya gaji, ya koma gado. Ƙafa ta fara nauyi, fuska ta faɗa, mutumin da ake jin muryarsa daga tasha ya koma magana ƙasa-ƙasa. Ina tsokanarsa, amma wallahi hankalina ya tashi.

Na ba shi shawarwari iri-iri. Na ce ya fita da tsakar rana, ya ce tsohon a nan yake ƙailula. Na ce ya wuce ya yi kamar bai gan shi ba, ya harare ni. Na ce to ya ari hijabin Rahinatu, ya jefe ni da matashi, wanda kuma bai kamata ya bar tsakanin cinyoyinsa ba.

"Ni in wuce Baba a tsaye kamar jandarma?" in ji shi. "Gara ƙahwar ta bushe."

Baba Kalla da kansa ya zo dubiya, ya zauna a ƙasa bakin ƙofa. Jimrau da ya ga yana kan gado tsoho na ƙasa, sai ya ja bargo ya rufe har kai, ya shiga munsharin ƙarya. Tsohon ya yi addu'a ya tashi. Daga baya ya aiko cewa ya yafe, a wuce shi a tsaye, lalura ce. Jimrau ya ce a yi masa godiya, amma shi Baba ne ya yafe, idon gari bai yafe ba.

Abin ya kai maƙura wata safiya, da Rahinatu ta fito daga madafa ta tarar da shi ya rungume turken awaki, yana sauka a hankali, gumi na zuba, wai yana gwada rabin tsugunno. Ta yar da ludayi ta tallabe shi. Ni ina zaure na ji komai.

"Malam, in ka ƙara wannan, kai kaɗai za ka koma Yamai," in ji ta. "Ni na gama kwana bisa simintin likita."

Ta yafa mayafi ta nufi gidan ubanta. Abin da suka tattauna ban sani ba, ta dai dawo ido jajir, ta ce Baba ya ce in an yi la'asar yana kiran maigidan. Kiran suruki kuwa ba a cewa ana zuwa. Jimrau ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya dogara sanduna, ni ina gefe. Yana tafe yana gaya mini cewa shi fa zai durƙusa, in ya so a kira motar asibiti.

Muna isa bakin lungu muka tarar buzu babu kowa. Sai muka ji gyaran murya daga sama. Amalanken Abdulmumini mai jigilar hatsi ne a tsaye, da sansa a ɗaure, an jera buhuna hawa uku, a can ƙoli kuma ga Baba Kalla ya harɗe, rawani ya karkace, ya ƙanƙame igiya da hannu biyu. Ƙarti biyu aka sa suka ɗora shi. Kan Jimrau ko tafin ƙafar tsohon bai kai ba.

"Kai ba ka iya saukowa, ni ko ina iya hawa," in ji Baba Kalla. "Matso ka gaishe ni, iska na ɗibata."

Jimrau ya zame takalmi, ya sunkuyar da kai, ya fara. An yi ina wuni, an yi gajiya, an shiga iyali. Ana cikin tambayar jikoki san ya hango ganyen wake a gaba, ya taka. Amalanke ya motsa. Gaisuwar suruki ba a yanke ta a tsakiya, don haka Jimrau ya bi, ƙwas, ƙwas, yana lafiya lau, yana madalla, ni ina biye da takalmansa a hannu. Ni tsorona ɗaya, kada tsohon ya faɗo a samu kwatangwalo biyu a gida ɗaya. Kafin a kai ga tambayar kaji mun wuce masallaci. Tun da aka yi masa aiki bai taɓa yin tafiya irin ta ranar ba, kuma bai ma san ya yi ba.

Tsohon ya gani, ya kuma riƙe. Daga ranar, kullum bayan la'asar sai a ɗora shi, Abdulmumini ya ja amalanke ya tsaya gaba da inda aka tsaya jiya. Rahinatu ta kafa sharaɗi cewa a bi inda ƙasa take da tauri, ban da yashi, kuma in ƙafa ta kumbura ko zafi ya yi yawa a huta a gaya wa likita. 'Yan unguwa suka mayar da abin kallo, masu shayi har gyara benci suke yi. Jimrau yana mita, yana tafiya. Aka wuce famfo, aka wuce injin niƙa. Ya ajiye sanda ɗaya, muryarsa ta dawo, har ya fara yi wa Abdulmumini gyaran ɗaurin igiya daga ƙasa.

Ni ne na fara lura cewa amalanken ba kasuwa yake nufa ba, ko da yake can Jimrau ke ɗokin komawa. Kullum hanyar bayan gari ake bi. Wata yamma muka same shi ya tsaya inda gidaje suka ƙare, gonaki suka fara. Da aka gama gaisuwa Jimrau ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi wa surukinsa tambaya.

"Baba, wai ina muka nuhwa?"

Tsohon ya saki igiya da hannu ɗaya, ya nuna wata katanga can nesa, bayan itatuwa. Maƙabarta ce.

"Can," in ji shi. "Ɗiyana maza duk sun riga ni. Ranar da za a kai ni, ba ni son a ce ƙahwa ta tsai da kai gida. Da ƙahwarka za ka raka ni."

Ban taɓa rasa abin tsokanar Jimrau ba sai ranar. Ya daɗe yana kallon katangar, yana share fuska da hannun riga, wai ƙasa ce ta faɗa masa a ido. Can ya juya wurin Abdulmumini, ya ce daga gobe a riƙa ƙara nisan kaɗan-kaɗan, shi ba sauri yake yi ya isa ba.

Daga saman buhuna Baba Kalla ya ce shi ma haka.