A Ajiye Mini Ƙanzo

…amma a littafin ba gudu suke yi ba. Nan ne kullum Inoussa yake cijewa, nan ne ransa yake ɓaci. Wa ya gaya wa mutanen telebijin cewa matacce yana gudu? Saurin me ya rage wa wanda ya riga ya mutu?

Yana zaune a ɗan ɗakin da ke bayan shagon Mansur, a unguwar Dagmanet, inda yake juya finafinan ƙasashen waje zuwa Hausa. Mikro a gabansa, tsohon bargo a jikin bango don ya tare ƙarar kabu-kabu, fanka tana ta juya zafi ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan. A ɗakin nan shi ne sarki, shi ne matar sarki, shi ne bawa, in ta kama har haniniyar doki shi ne. Tun azahar hoton yake tsaye cik a fuskar ordinatar, kwamfutar aikinsa. Matattu sun cika kwari maƙil, baki buɗe, naman fuska yana zagwanyewa… can baya kuma, gefen dutse, wancan. Dogon nan. Mai ɗaga hannun hagu.

Littafin da aka ɗauko labarin daga ciki, da Faransanci yake, wani malaminsu na makarantar lise ya bar masa shi ba bango. A ciki matattun ba su da yawa. Ɗaiɗai suke zuwa, da rana tsaka, a hankali, kamar mutumin da ya tashi daga barcin da ya fi ƙarfinsa. Ba wari, sai ƙamshin ƙasa mai sanyi. Kowa gidansu yake nufa. Ya san sunan uwarsa, ya san inda ake rataye guga, abu ɗaya kawai ya manta — cewa ya mutu. Sai ya zauna a inda ya saba zama, ya tambayi me aka dafa.

Me aka dafa… Bahago ke nan. Yayansa. Kafin ya cire takalmi ya riga ya leƙa tukunya, da hagun nan nasa da Inna ta yi ta bugu tun yana yaro bai daina ba. Ranar da zai hau motar Tchibarakaten ma, wurin haƙar zinariya, da jarkar ruwa ɗinke cikin buhu, da rawani har ido, ta saman kaya ya juyo yana dariya ta hanci…

Ramin zinariya ne ya rufta da su. Waɗanda suka dawo sun ce an haƙa har hannuwa suka fashe, dutse ya ƙi. Aka yi masa salla babu gawa, maza suka shafa fatiha, aka raba sadaka. Uwarsu kuwa, Inna Tabawa, ta ƙi zama a tabarmar gaisuwa. Ita ba ta ga likkafani ba, ba ta ji ƙamshin turaren wanka ba, gaisuwar me za ta karɓa? Har yau in an kwashe tuwo ba ta bari a jiƙa tukunya da wuri.

Matattun telebijin ba su da uwa. Abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Ba suna, ba gida, ba magana, sai gurnani da haƙora, a cinna musu wuta su zube, jarumi ya share gumi. An ɗauki mutanen da aka haifa aka raɗa wa suna an mai da su fari masu cin gona. Kuma ga dokar Mansur, wadda yake maimaitawa kamar karatun allo: kada ka bar shiru, malam, in mutane suka ji shiru sai su dawo mini da kart ɗin da na zuba musu fim su ce ta lalace. To, me mutum zai sa a bakin wanda ba ya magana? Kwari guda, tafiya mai tsawo, ba kalma ko ɗaya…

Ranar da ya juya fim ɗin, bai shirya ba. Wallahi bai shirya ba. Dogon ya ɗaga hagu, shi kuma bakinsa ya buɗe da kansa, muryar ta fito ta hanci, da jan nan na farkon kalma — Innaaa, na dawo, a ajiye mini ƙanzo.

Ya so ya goge. Ya kai hannu ma. Amma ya sake saurara, ya sake, ya sake, har aka kira magariba, don tun da motar nan ta tashi bai ƙara jin yayansa kusa haka ba. Daɗi ya ji, gaskiya daɗi, irin na mai ƙishi da ya samu randa. Kashegari Mansur ya zuba wa mutane a waya da kart, gari ya ɗauka.

Dariya aka yi. Me ya sa bai yi tunanin dariya za a yi ba? Gawa tana neman ƙanzo! Ƴan kabu-kabu suna jefa wa juna a bakin tasha, masu shayi suna faɗa wa mai jinkirin biya, yara suna miƙe hannu suna tangaɗi a lungu, a ajiye mini ƙanzo, a ajiye mini ƙanzo… Kalmar cikin gidansu, wadda ba ta taɓa wuce zaure ba, ga ta tana yawo ba takalmi.

Jiya kuma ta tsallaka katanga. Zeinabou maƙwabciyarsu ta kunna telebijin da ƙarfi, Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Zeinabou ta ce sai ganinta ta yi a bakin ƙofa, gari har gwiwar hannu, ba mayafi, tana tambaya a mayar baya. Aka mayar. Ta ce a sake. Sannan ta tambayi wace ƙasa ce wannan.

Wace ƙasa ce wannan.

Ta ɗauka yana raye ke nan. Ta ɗauka ya fita ta wani ramin, ya bi hamada, ya ƙetare ruwa, Turawa sun shafa masa toka sun sa shi wasa. Ai an ce yaran da suka ƙetare ba aikin da ba sa yi. Yau da safe ta aiko: bayan la'asar tana zuwa shago. Ita da ba ta taɓa taka wurin nan ba, ita da take kiran aikinsa surutun banza.

A littafin ba a ƙona su. Wani nasu ne yake zama kusa da su, ya riƙe musu hannu, ya faɗa a hankali: ka mutu, wane. Sai su duba tafin hannunsu, su kwanta. Marubucin ya ce babu aikin da ya fi wannan nauyi, shi ya sa wasu gidajen suke barin nasu zaune shekara da shekaru, ana zuba masa abinci yana hucewa. Mutanen telebijin sun ga ba za su iya ba, suka kawo wuta. Yau kam ya daina ganin laifinsu. Shi ma da wuta ce da ya fi so.

Zai ce mata… Inna, ni ne. Bakina ne. Wancan wani Bature ne da ba mu san sunansa ba, yana can yana cin abincinsa. Yayana yana ƙarƙashin dutse. Zai faɗa, ya ga fuskarta ta rufta kamar yadda — a'a. Tsoro yake ji. Tsoro sosai.

An sallame la'asar tun ɗazu? Bai ji ba. Labule ya motsa, ƙamshin hayaƙin murhu ya riga ta shigowa. Ta ƙanƙance, yaushe ta ƙanƙance haka? Ta zauna a bencin masu jiran kart, ta dubi hoton sau ɗaya, kallon da take yi wa naman da ba za ta saya ba.

"Kashe abin ga, Auta. Wanga ko kama da yayanka bai yi ba." Ta gyara mayafi. "Ni na haife ku, na san bakin kowa. Faɗa mini kai, nan, ba da na'ura ba."

Ta rufe ido. Ta ɗan karkato kunne.

Ta sani… tun a ƙofar Zeinabou ta sani. Ba labari ta zo nema ba. In ya faɗa yau, gobe ma za ta zo, da jibi, shi ne zai riƙa tashi daga ramin nan duk la'asar yana tambayar tukunya har ƙarshen ranta. In ya ƙi, shi ya binne shi, a gabanta, da bakinsa. Littafin bai ce komai ba a kan wanda ake roƙo ya zama mataccen.

Fanka tana juyawa. Inna tana jira, leɓenta yana ɗan motsi, ta riga ta fara amsawa. Ya ja numfashi ta hanci — kuma bai san muryar wa ke tahowa ba.