Muryar Gwaggo a Darasin Lissafi

Makarantar da Malama take koyarwa ta fito da sabon tsari: malami ya ɗauki darasi a bidiyo ya ɗora a intanet, yara su kalla a gida, washegari a aji sai tambayoyi da aiki. Shi ya sa kullum da la'asar Malama ke jingina waya a kan littattafai, ta roƙi uwarta, Gwaggo, ta yi mata shirun minti goma.

Minti goma kuwa a wajen Gwaggo shekara ce. Ran nan ƙanwarta ta kira ta a waya, tana zaune dab da tagar ɗakin da Malama ke ɗaukar darasi tana linke wanki. Gwaggo ta rage murya, a ganinta, ta kwance mata labari: mijin maƙwabciya wata biyu ke nan da sallamarsa daga aiki, amma kullum sai ya goge takalmi ya ɗauki jaka, ya je ya wuni a bencin tasha. Matar ba ta da labari.

Malama allon rubutu kawai ta duba a bidiyon ta ɗora, ba ta saurara ba. 'Yar maƙwabciyar kuwa a ajinta take.

Washegari Malama ta dawo tun kafin azahar. Ta ce an dakatar da ita sai in uwar yarinyar ta janye ƙarar da ta kai kan bidiyon, yarinyar ma ba ta zo ba. Laifinta ne, in ji ta, da ba ta saurara ba.

Gwaggo ta so a yi mata faɗa ta samu bakin ramawa, ba a yi ba. Ta karɓi wayar ta kunna. Ga 'yarta tana raba huɗu gida biyu, ga muryar Gwaggo a baya tana ba da labarin, tana ƙyaƙyata dariya har da tari.

Ta ja mayafi ta tsallaka gidan maƙwabciyar. Maƙwabciyar ta buɗe ƙofa, ido a kumbure. Gwaggo ta ce bakinta ne ya yi ɓarna, kada a hukunta Malama.

"Da a kunne kika raɗa mini, Gwaggo, da na gode miki," in ji matar. "Yara arba'in suka riga ni sani."

Ta ce za ta je makarantar, amma don Malama. Ba ta ce Gwaggo ta shigo ba.