Hodar Jariri a Kan Cokalin Injiniya

Ashe iskar gas ma tana da murya! Injiniya ce ta san wannan, don wata bakwai ta yi, har cikinta ya tsufa, tana zana wani ɗan cokali mai yatsa biyu na farin dutse, irin na cikin agogon hannu. Aikinsa sauraro kawai. Sai a haska lesa, wani siririn haske, tsakanin yatsun, in akwai gas mai guba ya yi ɗan sauti, yatsun su yi rawa, kwamfuta ta nuna. Na agogo tsakaninsa ya matse, hasken na gogarsa, shi ya sa ta buɗa nata ta ƙara masa tsawo.

Ta dawo daga hutun haihuwa ta tarar an yanko guda goma. Ta ɗora na farko, shiru. Na biyar ma rawarsa ba ƙarfi, kamar ta mai zazzaɓi. Farfesa, shugabansu, ya ce kwana uku ya ba ta, in ba haka ba a jefa zanen a kwando a koma na agogo.

Ai kuwa ta ɗaure zani. Ta sake lissafi, lissafi daidai. Ta canja waya, ta canja safar hannu. Rana ta biyu Dogo, abokin aikinta, ya ɗora ɗaya da hannunsa, sai ga layin da ke kan kwamfuta ya ɗan ɗaga.

"Maman Beby, cokalinki ni yake so," in ji shi.

Ta sa wanda ita ta ɗora a madubin ƙara girma, sai ga fararen ɗigo-ɗigo a kan yatsun. Ta sunkuya ta shinshina kafaɗarta. Hoda! Kullum da safe sai ta bulbula wa 'yarta hoda ta saɓa ta, in ta sunkuya kan aiki kuma hodar ta zubo. Ƙwaya kaɗan ta ishi abin nan nauyi.

Ta wanke cokulan tas, ta ƙwace farar rigar aikin Dogo marar hoda, tana jan ƙasa, ta ɗaure wuya. Aka saki gas ɗin gwaji. Layi ya miƙe har Farfesa ya cire tabarau ya goge, ya ce a yanko ɗari.

Yanzu kakar jaririyar ce ke shafa hodar, sai bayan Injiniya ta fita ƙofa. Kakar tana mita, amma tana shafawa.