Ɓangaren da Giwaye Suke

Sati biyu da yi wa Baba aikin ido a ƙasar mutane, ya kafe sai na kai shi gandun namun daji kafin mu koma gida. Baba tela ne, mutumin da ya shekara arba'in yana zura zare a allura ba tabarau, kuma taurin kai ne da shi kamar ni. Tun da aka cire bandeji yake ce mini yana gani garau. Na yarda, don abin da nake so in ji ke nan.

Muka shiga buɗaɗɗiyar mota da wasu baƙi. Jagoranmu sarkin surutu ne, kome ya hango sai ya yi shela.

"Dama, raƙumin dawa!"

Baba ya juya dama. "Kai, wannan wuya! Ko nawa za a biya ni ba zan ɗinka masa riga ba."

Na yi dariya har da ƙwalla. Da aka ce hagu, jakunan dawa, ya ce yadinsu ya yi kyau amma an yanka shi a karkace. Daɗi ya cika ni, na ce a raina likita ya yi aiki.

Da muka doshi tafki sai jagoran ya kashe mota. Ya ce a nan ba a magana, giwaye na da 'ya'ya, da hannu kawai zai nuna. Ya miƙa yatsa hagu. Kowa ya juya hagu.

Baba ya juya dama.

Ya ɗora madubin hango nesa a ido, yana murmushi, yana gyaɗa wa busasshiyar ciyawa kai. A bayansa giwa ta ratsa ruwa da ɗanta, kusa har ina jin numfashinta. Haushi ya kama ni, na likita, na jagoran, na wata baƙuwa da ta tsaya kallonsa da tausayi. Na harare ta sai da ta kau da kai.

Na kama kafaɗunsa a hankali na juyo shi. Bai yi gardama ba. Ya sauke madubin a cinya, ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Auta," ya ce ƙasa ƙasa, "kar ki gaya wa uwarki tukuna."

Na ɗora ɗaya hannuna a kan nasa.

"To faɗa mini. Su nawa ne?"