Uwar Cikin Labari

"Ba haka labarin yake ba," in ji Altine, ta dire ƙwaryar furarta a ƙasa. "Ka gaya mishi."

Isufu tafinta ya share gumi. Tun hantsi ake abu guda a bakin rijiyar Tama. Wani Annasara ne ya zo daga Madawa da akwatin silima mai ƙafa uku, yana neman tsohon labari na Adar da zai mayar hoto mai motsi. Gari duka ya nuna masa Altine, don ba wanda ya kai ta sanin labarin maharbin da ya bi gwanki cikin daji, ya shekara bakwai, ya komo ya iske uwarsa tana daka. A bakinta, sai tukunyar wake ta nuna labarin bai ƙare ba. Shi kuwa zaren ɗaukar hoton da ke cikin akwatinsa, kafin ka shanye fura ya ƙare. Ya yanke gwankin, ya yanke dajin, ya mai da maharbi sojan da ya komo daga yaƙi. Duk ta haɗiye. Ƙarshen labarin ne ta ce bai isa ya taɓa ba.

"Uwar ta gan shi, ta juya baya, ta aiki maƙwabciya ta kai mishi ruwa," ta ce. "Ɗan fari ne. Wace mara kunya ke tarbar ɗan fari?"

Isufu ya juya maganar, Annasara ya yi ta yarfa hannu.

"Inna, ya ce in kina ba da labarin, ke ke faɗin abin da ke zuciyar uwar. Akwatin ba ya ji, gani kawai yake. In ta juya baya, masu kallo za su ce ba ta son ɗanta."

Maganar ta soke ta, amma ko gezau ba ta yi ba. Soja ɗaya ne a Tama mai kaki da jar hula, shi aka tsayar can gindin aduwa yana jiran a ce ya taho, kuma Barmo ne, ɗanta na fari. Wata biyu da komowarsa daga yaƙi, ba ta dubi fuskarsa ba, ba ta ambaci sunansa ba, yadda ba ta taɓa yi ba tun ranar da ta haife shi. Da can bai damu ba, haka ya tashi ya gani. Amma ya je wata duniya, ya ga uwaye na kuka a wuyan ƴaƴansu bakin jirgin ruwa. Jiya ta ji shi ta bayan danga yana gaya wa ƙanwarsa gobe zai tafi Madawa ya sake shiga soja, tunda ba wanda ya lura ya dawo. Wannan magana ta ƙona mata rai, kuma ba ta da bakin hana shi.

Delu maƙwabciyarta aka sa ta zama uwar. Sau biyu ana murɗa akwati, sau biyu Delu tana ganin Barmo ya nufo ta sai ta rufe fuska da zane ta tuntsire da dariya. Zare biyu sun tafi a banza, saura ɗaya.

Altine ta miƙe ta ɗaure ɗamara.

"Tashi, Delu, kin ɓata mini labari. Ba ni taɓaryar."

Mata suka kama baki. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Mi kuke kallo? Ba ni ba ce. Matar cikin labari ce, ita kuwa ba ta da dangi a garin nan."

Ita ta gyara wa turmi wuri, ita ta ce a matso da akwatin don a ga fuska. Annasara ya bi umurni kamar ɗan aike. Ya ɗaga hannu, ya fara murɗawa, akwatin ya kama ƙara.

Ta yi daka uku, ta ɗago kai. Ga Barmo yana tahowa, a karo na farko ta dube shi sosai. Ashe yana ɗingishi kaɗan, ashe akwai tabo daga kunnensa har haɓa, kuma ba wanda ya gaya mata. Taɓarya ta suɓuce. Ba ta ruga ba, ba girmanta ba ne. Ta taka ta tare shi, ta cire masa hular, ta bi tabon da yatsa, sannan ta jawo kansa ta kwantar bisa kafaɗarta. Ƙaton mutum, sai ga shi ya lafe a jikinta kamar yaro.

Ƙarar akwatin ta sauya, ta tsaya. Annasara ya faɗi wani abu yana murna.

"Inna, an gama," in ji Isufu. "Zare ya ƙare."

Altine ba ta ɗago ba. Ta san da zarar ta saki, ta koma Altine, kuma gari duka na tsaye.

"Ka ce mishi ya ci gaba da murɗawa."

"Ba komi ciki, Inna."

"Wa ya tambaye ka abin da ke ciki?"

Isufu ya faɗa. Annasara ya dubi akwatinsa, ya dubi matar, ya sa hannu ya ci gaba da murɗa wofi.

"Barmo," ta ce a kunnensa, sunan yana mata nauyi a harshe. "Ba ka zuwa Madawa."

"To, Inna."

Cikin mutanen Tama ba wanda ya ce kunnensa ya ji komi. Sai da hannun Annasara ya gaji, ya sauya ɗayan.