Owo da Oko

Tsintsiyar da ke jingine a ƙofar ɗakin Mardiya sabuwa ce fil, an ɗaure ƙugunta da jar roba. Ita ce ta uku. Tun da aurenta da Ɗanbaba ya mutu, duk ƙarshen wata sai ya aiko da guda, ga makarantar 'yarsu Madina ta ce ranar Litinin ko kuɗi ko yarinya ta zauna a gida.

Laifin na takarda ne. Ranar rabuwar, Baba Sharafa, Bayaraben da suke haya a gidansa, shi ya shiga tsakani, ya rubuta yarjejeniyar da Yarbanci, tunda duk ɗan unguwarsu ta Sabo yana jin yaren. Sai dai tsohon bai sa ɗigo ko alamar murya ko ɗaya ba. Ya rubuta cewa Ɗanbaba zai riƙa kawo "owo" duk wata. In an ɗaga murya, kuɗi ke nan. In an sauke ta, tsintsiya.

Mardiya ta kwashi tsintsiyoyin ta kai ƙara wurin kawunta Manniru. Aka kira Ɗanbaba, ya taho daga kasuwar Shasha yana warin albasa, ya zauna ya miƙe ƙafa.

"Ɗanbaba, kai da Allah," in ji Kawu, "tsintsiya yarinya za ta ci?"

"Kawu, ni mai bin doka ne. Abin da aka rubuta na karanta. Kuma dubi kayan nan, ba na banza ba ne, na kasuwar Bodija ne."

"To a sake takardar, a rubuta ta da Hausa, a sa adadi."

"Haba Kawu! An sa hannu, an shafa fatiha. Ko ɗigo ba za a ƙara ba."

Mardiya ta ɗago kai. "Ko ɗigo, Baban Madina?"

"Ko ɗigo, Maman Madina."

"Kawu ka shaida."

Ta tashi ta shiga cikin gida. Ɗanbaba ya gyara hula yana murmushi, don ya san sharaɗi na biyu ya cika yau. Motarsa ta ɗaukar albasa tana ajiye a harabar Kawu tun lokacin rigimar, makullin yana hannun Mardiya, kuma takarda ta ce bayan wata uku za ta mayar masa da "oko" ɗinsa. Har ya yi wa wani dillali alƙawarin lodi gobe.

Sai ga ta ta fito da tsohuwar fartanya, ƙotarta a tsage. Ta durƙusa da ladabi ta ajiye a gabansa.

"Mene ne wannan?"

"Oko ɗinka."

"Ke! Mota ake nufi! Mo-ta!"

"Ni ban ga ɗigo ba. Fartanya na karanta. In ba ta yi maka ba, oko gona ce ma, akwai ɗan fili bayan bayi inda Kawu ke shuka alayyafo."

"A'a, kar ki taɓa min alayyafo," in ji Kawu, yana goge hawayen dariya da gefen babbar riga.

"Oko miji ne kuma," ta ƙara, "amma wannan na riga na mayar."

Ɗanbaba ya dubi fartanyar, ya leƙa ta taga ya dubi motarsa. Ya cire hula ya sosa ƙeya.

"Kawu, ashe dai takardar nan tana da 'yar matsala."

"Yanzu ka ce ko ɗigo."

"Ai ɗan Adam ajizi ne."

Kawu ya yage falle daga littafin Madina na makaranta, ya rubuta da Hausa ɓaro-ɓaro: kuɗi, na takarda, mai hoton mutum. Ya sa adadi da lamba da kalmomi. Mardiya ta ce a ƙara na wata ukun da suka wuce, kuma yau, kafin makulli ya fito. Ɗanbaba ya buɗe baki, ta tura masa fartanyar da ɗan yatsan ƙafa. Ya ciro waya ya tura mata kuɗin. Wayarta ta yi ƙara a cikin hijabi.

Ta ajiye makullin a kan tabarma. Ɗanbaba ya ɗauka, ya zura takalmansa a hagunce, ya fita ko sallama babu.