Muryar da Aka Ara wa Malachy

Shekarar da 'yan fim suka sauka a ƙauyensu na bakin teku a yankin Mayo na ƙasar Ayalan, Malachy Conneely yana da shekara saba'in da ɗaya, kuma bai taɓa kwana uku a jere a wajen Ayalan ba. Kamun ƙaguwa ne sana'arsa. Wata safiya yana gyaran raga, darakta, wani Ba'amurke mai saurin baki, ya tsaya ya ƙare masa kallo, ya ce irin wannan fuskar yake nema. Magana ɗaya tak zai yi. Zai dubi jarumin fim ya ce, "Jirgin ɗan'uwanka bai dawo ba."

Shekara talatin baya, Malachy ya taɓa kai wa maƙwabciyarsa Sorcha irin wannan labari, ranar da teku ta ci mijinta. Don haka da aka kunna kyamara ya faɗi maganar yadda ake faɗinta, ƙasa-ƙasa, idonsa a kan ruwa.

"Tsaya!" in ji darakta. "Ya yi kyau, baba, amma ƙara mata karin harshen Ayalan."

"Wace Ayalan ɗin?" in ji Malachy.

"Ba ka ji yadda Dale yake yi ba?"

Dale shi ne jarumin, mutumin Kaliforniya mai ladabi, ya yi wata uku yana koyon maganarsu. In ya buɗe baki, farkon zance daga birnin Cork na Ayalan yake fitowa, tsakiyarsa daga Sikotlan, ƙarshensa kuwa ba wanda ya san garinsu.

Sau goma sha huɗu Malachy ya maimaita. Daga bisani darakta ya ce ya isa, aka ba shi shayi da burodi, ya koma kan ragarsa.

Da kaka ta zagayo aka nuna fim ɗin a zauren coci ranar Lahadi da yamma. Matarsa Nuala ta goge masa riga. Can tsakiyar fim sai ga fuskarsa ta cika bango, bakinsa ya motsa, amma muryar wani ce ta fito, siririya, tana hawa da sauka kamar mai tallan kifi. Ashe sun cire tasa.

Zauren ya ɓarke da dariya. Abokinsa Peadar ya juyo yana share hawaye. "Kai, tsohon banza! Yaushe ka haɗiye sarewa?"

"Shekara arba'in da shida muna tare," in ji Nuala, "ashe ɓoye min wannan murya kake yi?"

Malachy ma ya yi dariya, amma abin ya ɗan sosa masa rai. Da ana fita, Sorcha ta riƙo hannun rigarsa a bakin ƙofa. Ita kaɗai ce ba ta dara ba.

"Gara da suka cire taka, Malachy," ta ce. "Da ita na ji, da ban iya zama har ƙarshe ba."

Ya raka ta har ƙofar gidanta, sannan ya wuce nasa.

Bayan shekara biyu wasu 'yan fim suka zo, su ma suka yaba fuskarsa. Ya ce ya yarda, da sharaɗin ba zai buɗe baki ba. Sai suka ba shi matsayin gawa. Ya wuni kwance cikin akwatin gawa da kwat ɗin zuwa coci, har barci ya ɗauke shi sau biyu, Nuala tana daga gefe tana yi wa ma'aikata bayanin cewa minsharin nan na asali ne, kada kowa ya cire shi daga fim.